Fentin Bamba A Masaka: Kitso Da Ƙwarƙwata

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin babbar hanyar da ta taso daga Keffi zuwa Abuja, daidai garin Masaka, ya san irin jerin gwanon motocin da ke bin wannan hanya tun kafin gari ya waye sosai. Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da masu aikin ƙarfi, kowa yana sauri ya shiga birni kafin cunkoson Mararraba da na Nyanya ya rutsa da shi. To, in mai kallo ya sauke idonsa daga fuskokin mutane ya dubi gaban motocin da bayansu, zai ga wani abin da ya zama ruwan dare. Ga mota mai kyan jiki tana ƙyalli, amma bambarta tana saɓa kamar maciji. Wata fentin ya ɗaye gwargwadon tafin hannu, baƙar roba ta bayyana a fili. Wata ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Wata kuwa ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda.

Da yawa daga cikin waɗannan bambobi ba tsufa ne ya kama su ba. An buge su ne, aka kai su gareji, aka gyara, aka fesa musu sabon fenti, aka biya kuɗi lakadan, sa'an nan kafin wata biyu ko uku aikin ya tone. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: gardama tsakanin mai mota da mai fenti, rantse-rantse, ɓacin rai, wani lokaci har a kai ga ofishin 'yan sanda a kan abin da ya kamata a ce an kashe shi tun ranar ciniki. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Fentin bamba ma ba ya ɗayewa banza, kuma dalilin ba a saman fentin yake ba, yana can ƙarƙashinsa inda idon mai mota bai kai ba.

HANYAR DA KE CIN BAMBA

Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato a shekarar 1996, amma rayuwar garin da Abuja take ɗaure. Tun da Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar sabon babban birni a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, kuɗin hayar gida a cikin birnin ya yi ta korar masu ƙaramin ƙarfi zuwa gefe. Rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 sun ƙara tura jama'a gabas, suka cika Mararraba, suka malala zuwa Ado da Sabuwar Nyanya da Masaka, har Kuchikau da Auta Balefi. Mutanen nan duka a birni suke neman abinci, kuma babbar hanya guda suke bi safe da yamma.

Inda motoci ke tafiya kai da gindi, ga 'yan acaɓa da masu Keke Napep suna kutsawa ta kowace kafa, ga direbobin haya suna tsayawa kwatsam don ɗaukar fasinja, babu wani sashen mota da ke shan wuya kamar bamba. Ita ce ke fara gaisawa da motar gaba, ita ce kuma motar baya ke fara taɓawa. Saboda haka gyaran bamba ya zama babbar sana'a a wannan hanya, kuma a kowane gareji akwai masu bugun jikin mota, da masu ɗinkin roba da ƙarfe mai zafi, da masu fenti da yaransu.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. An yi ɗan karo, an fito ana nuna wa juna yatsa, motoci sun taru a baya suna ta ham. Sai masu sulhu su sa baki, a ce wanda ya buga ya je ya gyara. Shi kuwa wanda ya buga, da yake aljihunsa ne zai yi kuka, sai ya ce yana da mai fentinsa, kuma ba zai nemi kowa ba sai wanda ya fi araha. Mai motar a nasa ɓangaren ba shi da wata hanyar zuwa aiki, saboda haka sharaɗinsa ɗaya ne, watau ya karɓi motarsa gobe. Ke nan mai biya yana son araha, mai mota yana son sauri, kuma a cikin su biyun babu wanda ya tambayi abin da za a shafa wa robar kafin a fesa mata launi.

Kashegari mota ta fito tana walƙiya, kowa ya yi murna, wanda ya buga ya kama gabansa, ba a sake ganinsa ba. Bayan 'yan makonni sai yaron da ke wankin mota ya sa ruwan inji, fenti ya tashi kamar ɓawon albasa. Mai mota ya koma gareji ransa a ɓace, ya ce, "Malam, dubi aikin da ka yi mini." Mai fenti ya dafa bambar, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ai wannan aikin masu wanki ne. Ko kuwa wani ya goge ka ba ka sani ba. Ka kuma san zafin ranar garin nan." Alhali kuwa rana ɗaya ce ta doki ƙofa da bonet da bamba, kuma ruwa ɗaya ne ya wanke su, me ya sa bamba kaɗai ta saɓa?

DAGA ƘARFE ZUWA ROBA

Amsar tana cikin tarihin bambar kanta. Manya za su tuna da zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, lokacin da 504 ta zama motar ma'aikaci da ta gwamnati da ta haya baki ɗaya. Bambar wannan zamani ƙarfe ce mai farin ƙyalli, ba ta bukatar fenti. In ta lanƙwashe a kwance ta, a miƙe ta da guduma, a mayar. Sauran jikin mota kuwa ƙarfe ne, kuma a kan ƙarfe manyan masu fenti na ƙasar nan suka koyi sana'arsu: a kankare, a cike da fila, a goge da samfefa, a fesa firaima, a fesa launi.

A can ƙasashen da ake ƙera motoci kuwa al'amari ya riga ya fara juyawa. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba. A Amurka, daga motocin shekarar 1973 aka kafa doka cewa lalle bambar gaba ta jure karon da bai wuce gudun mil 5 a awa ba, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. Wannan, tare da neman rage nauyin mota don tattalin mai, ya sa masu ƙira suka koma ga roba mai lanƙwasa ta dawo. Kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, abin da ake gani a gaban kusan kowace ƙaramar mota murfin roba ne da aka yi wa fenti daidai da launin jiki, ƙarfen kariyar kuwa yana ɓoye a bayansa. Irin waɗannan motoci ne, su Golf da Corolla da Accord, suka cika ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Legas da ta Kwatano.

Robar da aka fi yin bamba da ita sunanta folifirofilin, wadda wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya gano hanyar sarrafa ta a 1954, har aka ba shi lambar Nobel a 1963 tare da Bajamushe Karl Ziegler. Sunan baƙo ne, amma robar 'yar gida ce, domin da ita ake saƙa buhun shinkafa da na taki, da ita kuma ake yin kujerun roba na gidan biki. Masu ƙera bamba sukan gauraya ta da wani nau'in danƙo don ta ƙara laushi. Wanda ya kwance bambarsa ya duba cikinta zai ga an buga haruffa, galibi PP ko PP+EPDM, kuma waɗannan haruffa su ne ke gaya wa mai gyara irin robar da ke hannunsa.

To, halin wannan roba shi ne ba ta son wani abu ya manne mata. Wanda ya ga yadda ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza ya gangare bai jiƙa shi ba, ya ga yadda fenti yake a kan ɗanyen folifirofilin: yana kwance a kai, amma bai kama ba. Daɗin daɗawa, a masana'anta akan yi amfani da wani maiƙo don bambar ta fita daga mazubinta cikin sauƙi, kuma wannan maiƙo yana nan a jikin sabuwar bamba, wani ma ya shige cikin robar, sai ta ji zafi ya fito kamar gumi. Kowace mace ta san lalle ba ya kama hannun da aka shafa wa mai. Haka nan marina suka san sai an wanke sabon ƙyalle kafin a tsoma shi a baba.

Akwai kuma bambanci na biyu. Roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi fiye da ƙarfe ninki da yawa, tana kuma lanƙwasawa duk sa'ad da aka jingina da ita ko mota ta faɗa rami. Fentin da ya bushe ya yi tauri kamar gilashi ba zai iya bin ta ba, sai ya tsage. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar an sami 'yar tsaga, ruwan sama da na wanki sun sami ƙofa, daga nan sai ɗayewa.

Masu ƙera motoci sun san duk wannan. Shi ya sa a masana'anta ba a fentin bamba tare da jikin mota. Jikin ƙarfe akan gasa fentinsa da zafin da ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Selsiyos, wanda roba ba za ta jure ba. Bamba kuwa dabam ake yi mata, a zafi mai sauƙi, bayan an wanke ta, sau da yawa kuma an bi fuskarta da harshen wuta na ɗan lokaci don ta karɓi fenti. Watau abin da masana'anta ta keɓe wa hanya tasa ta musamman, shi ne ake so a gama a gindin bishiya tsakanin azahar da magariba, da dabarar da aka gada daga zamanin ƙarfe. Idan kiɗa ya sake, ai rawa ma sai ta sake.

AIKIN DA BA A GANI

Mai fentin da ya san aikinsa, kuma akwai su a Masaka kamar yadda suke a Apo da Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ba ya fesa bamba tana jikin mota. Yakan kwance ta, ya cire fitilu da raga da lamba, don fenti ya zagaya har bayan gefunanta. Sa'an nan ya wanke ta ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu. In sabuwa ce ɗanya, yakan bar ta ta sha zafi don maiƙon ya fito, ya sake wankewa. Yakan goge ta da abin goge roba na musamman, ba da tina mai ƙarfi ba, domin roba tana shan tina, daga baya ta amayar da ita a ƙarƙashin fenti ya kumbura. Yakan bi ko'ina da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu, har cikin lunguna. Gwajinsa mai sauƙi ne: in ya zuba ruwa ya kwanta shimfiɗe, robar ta tsarkaka, in ya dunƙule, da sauran aiki.

Bayan wannan ne ake zuwa ga matakin da aka fi tsallakewa, watau firaimar roba. Wani ruwa ne da ake fesawa siriri a kan duk inda ɗanyar roba ta bayyana, shi ne ke ƙulla zumunci tsakanin roba da fenti, kuma dabam yake da firaimar ƙarfe mai ruwan toka da kowa ya sani. Yana da lokacinsa: in an yi gaggawar rufe shi bai sha iska ba, ko aka bar shi ya daɗe ƙwarai, amfaninsa ya ragu. Sa'an nan a zo ga firaima, da launi, da ruwan ƙyalli na sama da ake kira kiliya, wanda ake haɗawa da hadina bisa awon da masu yin fentin suka rubuta a jikin gwangwani, tare da sinadarin laushi inda suka ce a sa. A ƙarshe sai bushewa. A ɗakin gasa fenti, wajen rabin awa a zafin digiri 60 kan isa. A fili kuwa sai an ba shi kwana.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana cin lokaci ko kuɗi, kuma babu ko ɗaya da ake iya gani ranar karɓar mota. Bambar da aka yi wa duka da wadda aka tsallake wa rabi, ƙyallinsu ɗaya ne a ranar farko. A nan ne amanar sana'ar take, kuma a nan ne marasa tsoron Allah ke yin kitso da ƙwarƙwata.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, domin fentin da ya ɗaye yana ba da shaida da kansa ga wanda ya iya karantawa. In aka ɗaga ɓawon aka ga baƙar roba sumul a ƙasa, to, ba a wanke ta sosai ba ko ba a sa firaimar roba ba. In tsohon fenti ne a ƙasa yana ƙyalli, kamar yadda akan gani a bambobin Baljiyam da aka sake wa launi, to, ba a bi shi da samfefa ba. In ruwan ƙyallin sama ne kaɗai ke tashi fari-fari launin yana nan, to, ko kiliyar ba ta kirki ba ce, ko an yi ƙwauron hadina, ko an bar launi ya bushe ƙwarai kafin a rufe shi. In tsagewa ce kamar saƙar gizo, galibi filar ƙarfe aka lafta a kan ɗinkin roba. In ƙuraje ne, to, ruwa ne daga tukunyar injin iska da ba a tsiyaye ba, ko laimar damina, ko tina da aka kulle a ciki. In kuwa daga bakin fitila ko gefen raga ɗayewar ta faro, wannan alama ce cewa ba a kwance bambar ba, jarida aka liƙa aka fesa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da za a ɗora wa yaron wankin mota. Ruwan inji yana tona asirin fentin da bai kama ba ne kurum, ko da yake kafa bakinsa dab da sabon fenti ganganci ne.

A BI TA MABI SAWU

Amma fa in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Masu motoci suna da nasu kason na laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Mai fenti zai faɗi kuɗin aikin kirki, a ce masa ya cika tsada, ga wani can zai yi a rabin haka. Zai ce a bar masa mota kwana uku, a ce masa gobe akwai ɗaurin aure. Mutumin da ke da iyali da yaran gareji da zai ciyar, in ya ga aiki zai kuɓuce masa, sai ya karɓa a yadda aka taya, sa'an nan ya fanshe a inda ba a gani. Araha ba ta ado, sauri kuma ya haifi nawa.

Tsadar kaya ta ƙara dagula al'amarin. Yawancin fentin mota da hadina da kiliya daga waje ake shigo da su. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar naira a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Man da ake zuba wa janareta don tayar da injin iska shi ma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin kayan aiki ya ninka, amma mai mota yana nan yana tayi da farashin da ya saba. Abin da ya fara faɗuwa daga lissafi kuwa shi ne ɗan gwangwanin firaimar roba, da yake babu mai tambayar sa.

Ga shi kuwa arahar nan ita ce tsada. Fentin da bai kama roba ba ba ya ɗaukar faci. In an gyara nan, gobe can zai tashi. Dole a kankare duka har a kai ga abin da ya kama, a faro daga farko, kuma wannan ya fi aikin farko wuya, domin maganin cire fenti na ƙarfe yana lalata roba. Mai mota ya biya sau biyu ke nan, ya kuma rasa motarsa sau biyu. In ya tashi sayarwa, dillali na ganin bamba tana saɓa zai ce motar ta yi hatsari, ya karya mata daraja fiye da kuɗin fentin. Sababbin motoci ma suna da wata matsalar, domin akwai na'urorin da ke hango abin da ke gaba ko baya a jikin bambarsu, kuma fila da fenti masu kauri suna iya rikita su.

Shi ma mai fenti yana cikin hasara, ko da bai lura ba. Sana'ar hannu da suna take tafiya, kuma kowace bamba da ke saɓa a kan hanyar Keffi talla ce a kansa. Ban da wannan akwai lafiyarsa. Hadinar fentin mota tana ɗauke da wani sinadari, aisosayanet, wanda likitoci suka tabbatar yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma. Amma sai ka ga yaro matashi yana feshi da tsumma ɗaure a hanci, ko ma babu komai. Wanda aka matse wa kuɗin aiki har ya kasa sayen firaimar roba, ina zai sami na abin rufe hanci na kirki?

TUN RAN GINI

Ba a rasa doka ba. Dokar kare masu sayen kaya da hana danniya a kasuwa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC mai hedkwata a Abuja, a madadin majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Dokar ta ce wanda ya biya kuɗin aiki yana da haƙƙin a yi masa shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, in kuwa aka gaza, yana iya neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Har ila yau, daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida naira 15,000 a shekara, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Watau wanda ya buge motar wani, in takardarsa ta gaskiya ce, ba lalle ne ya ja shi zuwa wurin mai araha ba. Amma a tsakiyar cunkoso, ana ta ihu, ba safai ake tunawa da wannan takarda ba.

Sai dai doka da shaida take aiki, cinikin gareji kuwa da baki ake yin sa. Saboda haka maganin farko yana hannun mai mota. Kafin ya ajiye makulli, ya tambaya ko za a kwance bambar. Ya nemi a nuna masa gwangwanin firaimar roba da idonsa. In da hali ya leƙo a tsakiyar aiki, kafin a fesa launi, domin a lokacin ne ake ganin gaskiya. A rubuta a takarda abin da za a yi, da kuɗin, da watannin da mai fenti ya ɗauki alhakin aikinsa, a gaban shugaban gareji ko wani wakilin ƙungiyar makanikai ta NATA. A riƙe wani abu daga kuɗin har a ga aiki. In wani ne ya buga, mai mota ne ya kamata ya zaɓi inda za a gyara, tun da shi zai zauna da motar. Bayan an karɓa kuma, a yi wa sabon fenti haƙuri na wajen wata guda: wankin hannu, ba man goge mota, ba ruwan inji a kusa. Mai fentin ƙwarai ba zai ji haushin waɗannan sharuɗɗa ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma su ne za su bambanta shi da 'yan ci-da-ceto.

Magani na biyu yana hannun masu sana'ar da hukumomin horo. Yaron gareji abin da ya ga maigidansa yana yi shi zai yi, in maigidan a kan ƙarfe ya koya, kuskuren zai yi ta gadon kansa. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, tun 1971; akwai hukumar bunƙasa ƙirar motoci, NADDC; akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Ilmin fentin roba ba ya bukatar shekaru, 'yan kwanaki sun isa a nuna wa mutumin da ya riga ya iya riƙe bindigar feshi. Ya kamata shugabannin ƙungiyar makanikai na yankin Karu su nemi a kawo irin wannan horo har gareji, cikin harshen da masu aikin ke ji, tare da masu sayar da fenti, waɗanda su ma sunan kayansu ke ɓaci. Ya kamata kuma ƙungiyar ta tsayar da ƙa'ida cewa duk ɗanta da ya yi fentin bamba ya tsaya wa aikinsa na wani lokaci sananne, ta kuma riƙa sasanta ƙorafi kafin ya kai ga 'yan sanda.

Motoci ba za su daina gogar juna a tsakanin Masaka da Nyanya ba muddin jama'a na kwana a Nasarawa suna wuni a Abuja, saboda haka masu fenti ba za su rasa aiki ba. Abin da ake nema kurum shi ne mai mota ya biya kuɗin abin da ba ya gani, mai fenti kuma ya yi abin da aka biya shi ko ba a gani. Tun ran gini ake zane. Allah ya sa masu abin su ji, su gyara.